Wirapuru: Mazauninsa, Ɗabi'unsa da Waƙarsa a Kurmin Amazon



Wannan lacca za ta yi magana ne a kan wani ɗan tsuntsu wanda bai kai tafin hannu ba, wanda kuma ba ya zaune a ko'ina cikin Afirka. Mutanen Barazil suna rubuta sunansa uirapuru, amma a wajen faɗi wirapuru ake ji. Sunan ya fito ne daga harshen Tupi, ɗaya daga cikin harsunan mutanen da Turawan Fotugal suka tarar a ƙasar, kuma gaɓarsa ta farko tana da nasaba da kalmarsu ta tsuntsu. Masana halittu kuwa suna kiransa Cyphorhinus arada, sunan da asalinsa ya koma ga wani masani mai suna Johann Hermann, wanda ya bayyana tsuntsun a rubuce a shekarar 1783. Danginsa sun kai kimanin iri 90, kusan dukkansu a nahiyar Amurka suke. Ɗaya ne tak ya bazu a Turai da Asiya har ya taɓo arewacin Afirka, kudu da Hamada kuwa babu ko ɗaya. Saboda haka kada a yi wahalar neman sunansa da Hausa. Bahaushe bai taɓa ganinsa a kan tsamiya ko gawo ba, balle ya raɗa masa suna.

Kafin a fahimci tsuntsu sai an fahimci gidansa. Kurmin Amazon ya kai kimanin murabba'in kilomita miliyan 6, watau ya ninka Nijeriya har sau shida, kuma wajen kashi 60 cikin 100 nasa a Barazil yake. Sauran ya bazu a Peru, Kolambiya, Bolibiya, Ekwado, Benezuwela da ƙasashen Giyana, kuma a dukkan waɗannan wurare ana samun wirapuru. Ruwan saman da ke sauka a birnin Manaus, wanda ke tsakiyar kurmin, ya haura milimita 2,000 a shekara, fiye da ninki biyu na abin da Kano ke samu. Wanda ya saba da dajin ƙasar Hausa, inda mutum zai tsaya ya hango raƙumi daga nisan rabin mil, da wuya ya iya suranta wannan wuri a zuciyarsa. Itatuwa suna miƙewa mita 30 zuwa 40, rassansu su haɗe su zama rufi, har hasken ranar da ke isa ƙasa bai wuce kashi 1 ko 2 cikin 100 ba. Da tsakar rana ma ƙasan kurmin kamar almuru yake. Iska ba ta kaɗawa, laima ba ta ɗagawa, zafi kuma ba ya hawa ko sauka sosai tsakanin dare da rana.

A wannan ƙasan kurmi wirapuru yake rayuwarsa duka, galibi a tudun da ambaliyar koguna ba ta kai masa, kuma a wuraren da tsayinsu daga teku bai cika wuce mita 1,000 ba. Tsawonsa kimanin santimita 12 ne, nauyinsa kuwa wajen giram 20. Bayansa ruwan ƙasa ne, goshinsa da maƙogwaronsa da ƙirjinsa ja ne irin na jan ƙasa, fikafikansa da gajeren wutsiyarsa suna da ratsin baƙi siriri, sa'an nan akwai 'yar fata shuɗiya marar gashi da ta kewaye idonsa. Wasu daga cikin waɗanda ke arewa da kogin Amazon suna da zane-zanen fari da baƙi a wuya kamar an rataya musu tsakiya. Wanda ya gan shi ba tare da ya ji muryarsa ba, ba zai sake waiwayarsa ba, domin ko tsada da baiwar Allah sun fi shi ado.

Abincinsa a cikin ruɓaɓɓen ganyen da ya lulluɓe ƙasa yake. Yakan yi tsalle daga wannan gungume zuwa wancan, yana ɗaga ganye da baki, yana leƙa ramukan saiwa, yana tsintar gizo-gizo da gyare da ƙananan ƙwari. Ba ya yawo shi kaɗai. Akan same su biyu-biyu, miji da mata, ko kuwa 'yar ƙungiya ta iyaye da 'ya'yansu, suna tafe suna yi wa juna wani ƙaramin kuka mai gurnani don kada su ɓace wa juna a duhu. Wani lokaci sukan bi rundunar tururuwa masu farauta, irin kwarkwasar da aka sani a Afirka. Idan rundunar ta taso tana share ƙasa, duk wani ƙwaro da ke ɓoye sai ya fito da gudu, tsuntsayen kuwa suna gefe suna cafkewa. Akwai tsuntsayen Amazon da suka mai da wannan sana'arsu ta kullum, amma shi wirapuru ɗan cin kasuwa ne kawai, idan ya tarar ta ci ya taya, idan babu ya koma tonon ganyensa. Sheƙarsa dunƙulalliya ce mai ƙofa a gefe, yakan saƙa ta da jijiyoyin ruɓaɓɓen ganye a kan wani ɗan itace kusa da ƙasa, kuma ƙwai biyu farare macen takan yi.

Wannan batu na ƙwai biyu yana da muhimmanci. Ƙananan tsuntsayen Turai sukan yi ƙwai shida ko fiye a zama ɗaya, domin sanyin hunturu yana kashe yawancinsu kowace shekara. Na kurmin ƙasashe masu zafi kuwa sukan haifi kaɗan, su daɗe a duniya, su kuma zauna a fili guda shekara da shekaru. Dabara ce mai kyau muddin gida yana nan yadda yake. Idan gida ya sake, mai haihuwa kaɗan shi ne ke daɗewa bai farfaɗo ba.

To, sai waƙar, wadda ita ce ta sa duniya ta san shi. Wani Baturen Ingila mai suna Henry Walter Bates ya sauka a bakin kogin Amazon a 1848 tare da abokinsa Alfred Russel Wallace, ya yi shekara 11 yana tattara ƙwari da tsuntsaye, ya kuma buga littafin tafiyarsa a 1863. A ciki ya ba da labarin yadda muryar wannan tsuntsu ke ruɗin mai sauraro. Da farko, in ji shi, sai ka ɗauka wani yaro ne ke tsinkar 'ya'yan itace a cikin sarƙaƙiya yana rera waƙa don ya ɗebe wa kansa kewa. Can sai muryar ta koma kamar ta sarewa, har ka tabbata wani ne ke busa. Daga nan sai ta katse, ta ƙare da wasu ƙararraki marasa daɗi kamar na akwatin kiɗan da ya lalace. Wanda ya saurari muryar da aka ɗauka a na'ura a yau zai ga Bates bai yi ƙari ba. Tsuntsun yakan fitar da sautuka tsarkaka ɗaya bayan ɗaya, yana tsalle daga na ƙasa zuwa na sama ba tare da ya ja murya a tsakaninsu ba, yana kuma cuɗa su da wancan gurnani. Yakan maimaita jimla guda sau da yawa kafin ya koma wata.

Me ya sa muryarsa ta zama haka? Amsar farko tana ga kurmin kansa. Wani masani mai suna Claude Chappuis ya lura a 1971 cewa tsuntsayen kurmin Afirka sun fi na fili yin kuka mai kauri, sa'an nan Eugene Morton ya auna abin a Panama ya buga sakamakonsa a 1975. Abin da aka gano shi ne, a cikin kurmi sauti yana karo da gungume da ganye yana dawowa, saboda haka kuka mai sauri mai yawan karkarwa sai ya cakuɗe ya zama hayaniya kafin ya yi nisa. Sauti siriri ƙwarai kuma ganye ne ke shanye shi. Abin da ke tafiya lafiya shi ne fito mai tsabta, mai ɗan kauri, wanda ake yi a hankali. Tsuntsun da ba ya iya ganin matarsa daga nisan taku goma, dole muryarsa ta yi masa aikin da launin gashi ke yi wa tsuntsun fili. Da ita yake shaida wa maƙwabci iyakar filinsa, da ita kuma yake riƙe iyalinsa.

Amma wannan bayani bai gamsar da kowa ba, domin tsuntsayen kurmi masu fito suna da yawa, ba kuwa dukkansu ne ke sa mutum ya tsaya cik ba. A wani nazari da aka buga a 2012, Emily Doolittle, mai tsara kiɗa 'yar Kanada, da Henrik Brumm, masanin tsuntsaye a cibiyar Max Planck ta Jamus, suka auna tazarar da ke tsakanin sautukan wirapuru. Kowane sauti yana da adadin kaɗawar da yake yi a cikin daƙiƙa guda. Idan sauti ɗaya ya ninka wani daidai sau biyu, kunne yakan ji su kamar abu guda, kamar yadda magidanci da ƙaramin yaro za su rera waƙa ɗaya tare, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, ba a ji saɓani ba. Haka kuma idan kaɗawarsu ta zama uku bisa biyu, ko huɗu bisa uku, kunne yakan ji sun jitu. Masu nazarin nan suka tarar wirapuru ya fi yawan zaɓen waɗannan tazarori uku fiye da yadda dace kawai zai iya kawowa. Suka sa na'ura ta kwaikwayi waƙar, wani zubin yadda take, wani kuma an ɗan gurɓata tazarorin, suka kunna wa mutanen da ba su san asalin abin ba. Mutanen suka fi jin daɗin na ainihi. Har ila yau sun nuna wasu gaɓoɓin waƙar da suka yi kama ƙwarai da wasu wurare a cikin kiɗan Haydn da na Bach, mawaƙan Turai na ƙarni na 18 waɗanda babu yadda za a yi su taɓa jin wannan tsuntsu.

A nan ya kamata a yi hattara. Su kansu masu nazarin sun faɗi cewa tsuntsun ba ya bin tsarin ma'aunin kiɗan Turai. Kuma a wannan shekara ta 2012 wani masani mai suna Marcelo Araya-Salas ya auna waƙar wani ɗan uwan wirapuru da ke Kosta Rika, wanda shi ma mutane ke yaba muryarsa, ya tarar tazarorinsa ba su dace da na kiɗa ba sai a ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Ashe ke nan kunnen ɗan Adam yakan ji abin da ya saba ji. Mai nazarin Hausa ya fi kowa sanin wannan. Hausa harshe ne mai karin sauti, saboda haka Bahaushe yakan ji magana sosai a bakin kalangu, ya kuma ji kalmomi a kukan kurciya da na ragon maza, alhali baƙon da ke gefensa ƙara kawai yake ji. Baturen da ya tashi da kiɗan Bach zai ji Bach a bakin tsuntsu. Abin da awo ya tabbatar game da wirapuru shi ne zaɓen tazarori masu jituwa, kuma wannan kaɗai ya isa abin mamaki ba sai an naɗa shi sarkin mawaƙa ba.

Akwai wata kama ta gaskiya tsakanin waƙar tsuntsu da maganar mutum, ita ce koyo. Wirapuru yana cikin babban rukunin tsuntsaye masu waƙa, wanda ya ƙunshi kusan rabin tsuntsayen duniya, har da kanarin da ake sawa a keji. A wannan rukuni ɗan tsuntsu ba ya fitowa daga ƙwai da cikakkiyar waƙa. Tun a shekarun 1950 William Thorpe na Jami'ar Kambirij ya nuna cewa idan aka raba ɗan tsuntsu da manyansa, waƙar da zai yi idan ya girma gurguwa ce. Almajirinsa Peter Marler kuma ya nuna a Kalifoniya, a farkon shekarun 1960, cewa tsuntsaye iri ɗaya suna da karin harshe daga wannan yanki zuwa wancan, kamar yadda Sakkwatanci ya bambanta da Kananci. A Amazon manyan koguna ne iyakoki. Wallace ya lura da haka ga birai tun 1852, kuma ya tabbata ga tsuntsayen ƙasan kurmi, waɗanda ba sa yarda su ƙetare buɗaɗɗen ruwa. An daɗe ana raba wirapuru gida shida bisa ga yankunan da koguna suka tsaga. A 2016 wasu masana biyu 'yan Barazil, Fernanda Bocalini da Luís Fábio Silveira, suka duba launin gashinsu da muryoyinsu, suka ba da shawarar a ɗauki kowane gida a matsayin iri mai zaman kansa. Tambayar da suka fuskanta ita ce wadda masu nazarin harshe suka saba da ita: a ina kari yake ƙarewa, sabon harshe ya fara?

Mutanen Amazon ba su jira masana ba kafin su yi wa tsuntsun nan shaida. A tatsuniyarsu, wani saurayi ne mai busa sarewa da ya so matar da ba zai samu ba, sai aka mai da shi tsuntsu, kuma wai idan ya fara waƙa duk tsuntsayen kurmi sai su yi tsit su saurara. Ana kuma cewa kwanaki kaɗan kawai yake waƙa a shekara, abin da ya fi kama da shaidar wuyar ganinsa. Heitor Villa-Lobos, babban mai tsara kiɗan Barazil, ya gina wani kiɗa a kan wannan labari, ya sa masa sunan tsuntsun, aka fara nuna shi a birnin Buenos Aires na Ajantina a 1935. Sai dai farin jini ya jawo masa wahala. An yi imani cewa gashinsa ko busasshen jikinsa ko guntun sheƙarsa laya ce ta samun masoyi da kasuwa, har ɗan tireda yakan binne shi a bakin ƙofa don ya jawo masu saye. An sayar da irin waɗannan layu a kasuwannin garuruwan bakin kogi, sai a 1967 dokar kare namun daji ta Barazil ta haramta cinikin.

Mai laya dai ɗaiɗai yake kashewa. Babbar barazana ita ce sarar kurmi. Hukumar binciken sararin sama ta Barazil, wadda ke auna abin da tauraron ɗan Adam, ta nuna an sare kimanin murabba'in kilomita 27,800 a 2004 kaɗai. Adadin ya sauka zuwa wajen 4,600 a 2012, ya sake hawa zuwa wajen 13,000 a 2021, ya kuma dawo ƙasa da 7,000 a 2024. Hawa da saukar nan sun bi sauyin gwamnati da tsananin aiwatar da doka, abin da ya kamata ma'aikata su lura da shi. Yawancin filin da aka share kiwon shanu ake yi a kai.

Ga wanda aikinsa ya shafi keɓe gandun daji, tambayar ita ce: yaya girman kurmin da za a bari ya kamata ya zama? A 1979 Thomas Lovejoy da abokan aikinsa suka fara wani gwaji kimanin kilomita 80 arewa da Manaus. A lokacin doka ta tilasta wa masu buɗe gonakin kiwo su bar rabin filinsu kurmi. Sai masanan suka shirya da su a bar wannan kurmi gutsure-gutsure masu awo, wani hekta 1, wani 10, wani 100. Suka kafa raga mai laushi suna kama tsuntsaye, su auna su, su sa musu zobe mai lamba a ƙafa, su sake su, tun kafin sara da kuma bayanta. Masu bin rundunar tururuwa ne suka fara ɓacewa daga ƙananan gutsuren, sa'an nan masu cin ƙwari a ƙasa suka bi bayansu. Wani nazari na 2003 ya nuna cewa ko gutsure mai hekta 100 yakan rasa rabin ire-iren tsuntsayen ƙasan kurminsa cikin ƙasa da shekara 15. Dalili kuwa, iska da rana suna shiga ta gefe su busar da ganyen ƙasa, manyan itatuwan baki-baki su mutu, tsuntsun da ya saba da duhu kuma ba ya yarda ya ƙetare ko da hanyar mota mai faɗin mita 30 ko 40. Itatuwa suna nan tsaye, mai duba taswira a ofis zai ga kore, amma gidan ya zama kango. An ga irin wannan a Nijeriya. Binciken da Shiiwua Manu da abokansa suka yi tsakanin 1999 da 2002 a gutsuren kurmi 52 na kudu maso yamma ya sami tsuntsun nan mai saƙa da ake kira malimbe na Ibadan a guda 19 kawai, aka kuma ƙiyasta waɗanda suka rage a kimanin 2,500.

Abin da ya fi tayar da hankali daga Manaus bai fito daga gutsuren ba. Masanan sun riƙe wani babban yanki da ba a taɓa sara ba don ya zama ma'auni. A 2020 Philip Stouffer da abokansa suka kwatanta abin da raga ke kamawa a wannan yanki a farkon shekarun 1980 da abin da ta kama daga 2008 zuwa 2016, sai suka tarar masu cin ƙwari a ƙasa sun ragu ƙwarai, kuma wirapuru yana cikinsu. Babu gatari, babu wuta, babu maharbi, amma tsuntsu yana janyewa. Shekara guda bayan haka Vitek Jirinec da abokansa suka duba awon tsuntsaye fiye da 15,000 na iri 77 da aka tara cikin shekara 40. Dukkan ire-iren sun rage nauyi, wasu da kusan kashi 2 cikin 100 a kowace shekara goma, kashi ɗaya bisa uku kuma fikafikansu sun ƙara tsawo. A wannan wuri zafin rani ya ƙaru da fiye da digiri ɗaya da rabi tun 1966, ruwan da ke sauka a ranin kuma ya ragu. A watan Oktoba na 2023 kogin Negro a Manaus ya janye zuwa mita 12.70, mafi ƙaranci tun da aka fara awo a 1902, a Oktoban 2024 kuma ya sauka zuwa mita 12.11. Halittar da ta yi dubban shekaru a ɗaki mai laima wanda zafinsa ba ya motsi, digiri ɗaya ba ƙaramin abu ba ne a gare ta.

Gaskiya ne ba a sa wirapuru cikin jerin tsuntsayen da ke bakin ƙarewa ba, domin ƙasarsa tana da faɗi. Sai dai tsuntsun da ke koyon waƙa yana iya yin hasarar da ƙidaya ba ta nunawa. A kudu maso gabashin Ostireliya akwai wani tsuntsu mai shan ruwan fure wanda ya ragu har saura 'yan ɗaruruwa a daji. Wani nazari na 2021 da Ross Crates ya jagoranta ya tarar cewa a wuraren da suka fi ƙaranci, samarin ba sa samun manyan da za su koya daga gare su. Kimanin kashi 12 cikin 100 na mazan waƙar wasu tsuntsaye dabam suke rerawa, kuma masu baƙuwar waƙa ba su cika samun mata ba. A gidan namun daji na Taronga da ke Sidni, inda ake kiwonsu don a sake su, sai da aka koma kunna wa 'ya'yan muryar da aka ɗauka a na'ura, aka kuma kamo manyan maza daga daji aka ajiye su kusa da kejin samarin don su koya musu.